Kifi cikin bango: tun ran gini, ran zane

A wanga mako za mu taɓo wani ado da ya fara shiga ran masu gina sababbin gidaje, musamman alhazanmu da ke zirga-zirga Dubai da ƙasar Sin, da ma'aikatan da sunka daɗe suna tanadin gidan da za su huta ciki bayan ritaya. Adon kuwa shi ne akwatin kifi na gilashi, wanda Turawa ke kira akwariyom, a gina shi cikin bangon ɗakin baƙi, ta yadda mai shigowa zai ga kamar an buɗe taga cikin gulbi. Wanda duk ya taɓa tsayawa gaban irin wanga bango ya san daɗin kallonshi. Sai dai kafin a kira magini akwai lissafin da ya kamata mai gida ya zauna ya yi, domin kuskure a nan ba ya tsayawa ga kuɗi kaɗai, yana taɓa ginin, yana kuma taɓa rayuka.

Mu Hausawa ba baƙin ado ba ne. Wanda ya zaga unguwar Birni a Damagaram ya ga zanen da magina ke yi ma fuskar gida. Wanda ya leƙa ɗakin amarya ya ga jeren tasoshi da kwanoni. Amma irin wanga ado in an gama shi an gama ke nan, sai kakkaɓe ƙura. Ba ya jin yunwa, ba ya numfashi. Akwatin kifi dangin garken tattabaru ne da ragon da aka turke a tsakar gida: kiwo ne. Wanda ya ɗauke shi a matsayin kiwo zai tsara ɗakin daidai da bukatar dabbar, ya kuma ji daɗinshi shekara da shekaru. Wanda ya ɗauke shi a matsayin hoton bango, bayan wata uku zai iske kanshi da koren ruwa mai ɗoyi a tsakiyar ɗakin da yake karɓar baƙi.

Tarihin abin ma yana nuna haka. Wata Bafaranshiya mai suna Jeanne Villepreux-Power, wadda ta fara rayuwa da sana'ar ɗinki, ita ce ta ƙera akwatin gilashi a shekarar 1832 a tsibirin Sisili, don ta samu damar nazarin halittun teku suna raye. A 1853 anka buɗe ma jama'a gidan kifi na farko a gidan namun daji na Landan. Ke nan tun asali abin da anka sa gaba shi ne yadda za a riƙe rai cikin gilashi. Ado daga baya ya biyo.

Nauyi

Lissafi na farko na nauyi ne, kuma ɗan kasuwa ba ya bukatar a koya mishi shi. Lita guda ta ruwa kilo guda ce. Mu ɗauki akwati mai tsawon mita 2, faɗin santimeta 60, zurfin santimeta 60, wanda shi ne irin girman da ke cika ido cikin babban ɗaki. Yana cin lita 720. Gilashin kanshi, in kaurinshi ya kai milimeta 12, zai kai kilo 130. A ƙara rairai da duwatsu, sai ga shi an doshi ton guda, watau buhu 20 na siminti an jibge su kan wurin da bai kai girman tabarma ba, kuma ba ranar sauke su. Wane ɗan kasuwa ne zai ɗora buhu 20 kan teburin katako ya kwana da kwanciyar hankali?

Saboda haka gindin akwatin na bukatar harsashinshi na kankare da ƙarfe, a zuba shi tare da harsashin gida, samanshi kuma ya daidaita sarai a ma'aunin magina. Karkata kaɗan ta isa ta sa nauyin ya taru a kusurwa guda, gilashin ya tsage. Tsakanin kankare da gilashi akan shimfiɗa soso mai tauri, don kada ƙwayar tsakuwa guda ta zame ma gilashin ƙaya. In bangon da za a huda yana ɗauke da rufi ko bene, to sai an zuba dogarin kankare a saman ramin kamar yadda ake yi ma ƙofa da taga, domin akwatin kifi ba ya ɗaukar nauyin gini. Mai son ɗora shi a saman bene kuwa, kada ya yi sai injiniya ya duba. Ginin laka kuma a bar shi da mutuncinshi, don laima ba ta barin shi lafiya.

Akwai wani sirri da masu saye da yawa ba su sani ba. Ƙarfin da ruwa ke tura gilashi da shi ya fi rataya ga zurfi bisa ga tsawo. A akwatin da munka ambata, ruwan na tura gilashin gaba da ƙarfin da ya kai na kilo 360. In anka bar tsawon yadda yake anka ƙara zurfin ya kai mita guda, ƙarfin zai koma kamar kilo 1000, kusan ninki ukku. Don haka akwati mai tsawo marar zurfi ya fi aminci, ya fi sauƙin wanki, kifi kuma ya fi samun iska a cikinshi. Gilashin taga ba ya wanga aiki, kuma gam ɗin da ake liƙa shi da shi na musamman ne, domin wanda ake sa ma makewayi yakan zo da maganin funfuna mai kashe kifi. Araha ba ta ado. Ko manyan ƙasashe abin ya taɓa ba su kunya: ranar 16 ga Disamba 2022 wani ƙaton akwatin kifi da ke tsakiyar wani otal a birnin Balin na ƙasar Jamus ya fashe da asuba, lita miliyan guda ta malale har bisa titi, kifaye wajen 1500 sunka hallaka.

Wane bango?

Lissafi na biyu shi ne wurin da za a sa shi. A littattafan tsara gidaje na Turai an fi son a sa akwatin tsakanin ɗakuna biyu, ana hangen wancan ɗaki ta cikin ruwa. Wanga tsari yana da kyau ga ido, amma mu tuna yadda gidajenmu suke. Zaure da ɗakin baƙi an yi su ne don baƙo ya tsaya nan, cikin gida kuma na iyali ne. Akwatin da ake gani ta fuska biyu taga ce da ba ta da labule. Wanda ya sa shi tsakanin ɗakin baƙi da sashen iyali ya buɗe cikin gidanshi ga duk wanda ya zo gaisuwa. In ana son fuska biyu, a sa shi tsakanin ɗakin baƙi da ɗakin cin abinci. In ba haka ba, a shafe bayan gilashin da fenti baƙi ko shuɗi ta waje, wanda ma ya fi fito da launin kifi.

A nisanta shi da taga, musamman ta yamma. Hasken rana in ya faɗa ma ruwan kai tsaye yana dumama shi, yana kuma haifar da gansakuka, sai gilashi ya koma kore cikin ƴan kwanaki. Bangon da ya fi dacewa shi ne na tsakiyar gida, wanda rana ba ta dukan bayanshi. Fitilar akwatin ita ce za ta haskaka shi, kamar awa 8 a wuni, sannan a kashe, don kifi ma yana da darenshi.

Sai maganar tsayi. Ba a tsaye ake kallon kifi ba. A gidajenmu ana zama bisa kujera, ana kuma zama bisa darduma, nan ake cin abinci, nan ake shan shayi. Saboda haka mai gida ya zauna inda ya saba zama, a auna daidai idonshi, nan tsakiyar gilashin zai kasance. Kujeru su fuskanci akwatin ko su kewaye shi ta gefe. Kada a haɗa shi bango guda da talabijin: abu biyu masu haske da motsi in sun haɗu ido ba ya hutawa, ƙarar lasifika kuma ruwa na ɗaukar ta, tana firgita kifi. Sauran ɗakin a sassauta mishi ado. Bango mai launi guda, fari ko ruwan ƙasa, da labule marar hayaniya, su ke barin akwatin ya yi magana. Daɓen gabanshi kuma a sa karo marar santsi, don ruwa ba ya rasa zuba.

Bayan bango

Abin da baƙo ke gani rabin aikin ne. Ɗaya rabin yana bayan bango, kuma shi ne aka fi mantawa. Akwatin da anka liƙe cikin gini ba tare da hanyar shigar hannu ba ya zama kabari tun ba a sa kifi ba. A bar sarari kamar santimeta 50 a samanshi, yadda hannu zai kai har ƙasa, a iya fidda dutse ko mataccen kifi. Mafi kyau a yi ɗan ƙaramin ɗaki a bayanshi, ko da faɗin mita guda ne, inda za a ajiye na'urar tace ruwa, da abinci, da bokiti, da tanon ajiyar ruwa. A kai pampo ɗakin, a yi magudana a ƙasa. Duk wanda ya taɓa ratsa darduma da bokiti goma ya san amfanin wanga shawara. A yi ma ɗakin mafitar iska, domin tururin ruwa na kumbura katako, laima kuma gayyatar gara ce.

Ruwa da wutar lantarki ba su ga maciji. Wuraren jona waya su kasance sama da bakin ruwa, a gefe, kowace waya kuma a bar ta ta lanƙwaso ƙasa kafin ta hau wurin jonawa, don in ruwa ya biyo ta ya ɗiga ƙasa. A sa ma layin na'urar nan mai katse wuta da kanta da zaran ta fara zurarewa, wadda masu aikin lantarki sunka sani da dijonktar diferansiyel. Hannun da ke shiga ruwan nan kullum na ɗanka ne ko na yaron gidanka.

Duk waɗannan abubuwa, harsashi da tiyo da magudana da waya, ba su da tsada in an sa su cikin zanen gida tun farko. In an gama gini an yi fenti, sannan tunanin kifi ya zo, sai fasa bango da tone daɓe. Shi ya sa magabata sunka ce tun ran gini, ran zane.

Zafi, kuran da ruwa

Yanzu mu zo ga abin da ya sha bamban da ƙasashen da muke kwaikwayo. Yawancin kifayen ado na son ruwa tsakanin digiri 24 da 28. A Turai wahalar mai kiwo ita ce dumama ruwan. Mu nan tamu wahalar ita ce sanyaya shi, tunda a watannin Afrilu da Mayu zafi na haura digiri 40 a Yamai, da Tawa, da Maraɗi, da Damagaram. Ruwa kuwa in ya yi ɗumi iskar da ke cikinshi raguwa take: lita guda na riƙe kamar miligiram 9 na iskar shaƙa a digiri 20, amma a digiri 30 ba ta wuce 7 da rabi ba, alhali a lokacin ne jikin kifi ya fi bukatar ta. In ka ga kifi ya taso sama yana haki, to ba gaisuwa yake ba. Ƙaramar fanka da ke hura saman ruwan tana rage digiri biyu ko ukku. Babban akwati kuma ya fi ƙarami jinkirin ɗaukar zafi.

Iskar nan injin ke sa ta, injin kuma kuran yake ci. Ba mu manta watan Agusta na 2023 ba, lokacin da Najeriya ta katse layin da ke kawo muna kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da ƙasa ke sha a wancan lokaci, bayan takunkumin CEDEAO, har sai cikin watan Maris na 2024 anka maido ta. Ko ba takunkumi, kowa ya san halin da ake shiga in bazara ta kankama. Firijida in wuta ta ɗauke nama ne ke lalacewa. Akwatin kifi cike maƙil, cikin zafin Mayu, awoyi kaɗan sun isa. Don haka batir da farantin hasken rana suna cikin kuɗin akwatin tun farko, kamar yadda taya ke cikin kuɗin mota. Abin farin ciki shi ne injin iska da na tacewa ba su da ci, ba su kai fankar rufi ba. Dogaro ga gurup kaɗai ba ya isa, domin sai da mai tada shi, wuta kuwa ba ta sallama kafin ta tafi.

Ruwan kanshi ma lissafi ne. Lita 720 bido 36 ne na lita 20. Kowane mako ana kwashe kamar kashi ɗaya cikin biyar a zuba sabo, watau bido 7, ban da wanda iska ke shanyewa. Ga mai pampo a gida wanga ba komai ba ne. Amma a gari irin Damagaram, inda kowa ya san tarihin ƙishirwa da darajar ɗan garuwa, ya kamata mutum ya tambayi kanshi ko zai iya riƙe alkawarin a watan da maƙwabta ke layi da bido. Ruwan da anka kwashe dai ba asara ba ne, taki ne ga lemu da zogalen tsakar gida. Ruwan pampo kuma yana da sinadarin kulor mai ƙona matsarmamar kifi, sai an bar shi ya kwana biyu a buɗaɗɗen tano, ko a sa mishi maganin da ke kashe kaifinshi.

Ga kuma haƙuri. Kashin kifi na rikiɗa ya zama guba cikin ruwa, wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani ne ke zama cikin na'urar tacewa suna karya gubar. Kafin su yawaita sai an yi mako 4 zuwa 6. Wanda ya cika akwati yau ya zuba kifi talatin gobe don ranar buɗe gida ta matso, to baƙin za su yaba, amma kafin mako biyu zai fara kwasar gawa. A fara da kaɗan, a riƙa ƙarawa sannu a hankali.

Wani makashin da ke cikin kowane gida shi ne maganin sauro. Na fesawa da na ƙonawa galibi suna ɗauke da sinadaran da kaɗan daga cikinsu ya isa ya kashe kifi, injin iska kuma zuƙo iskar ɗakin yake yana turawa cikin ruwa. A nan ma ɗakin bayan bango ya yi rana, tunda injin na can. Akwatin ya kasance da murfi, saboda feshi da kuma ƙurar hunturu.

Wane kifi?

Kifin teku mai launin bakan gizo da ake gani a Dubai, cikin akwatin nan mai lita miliyan 10 da anka buɗe a 2008, a bar shi ga masu shi. Tsakanin Yamai da tekun Kotonu akwai sama da kilomita 1000, kuma ruwan gishiri aiki ne na gwanaye. Jan kifin nan na ƙasar Sin da aka fi sani ya fi son ruwa mai sanyi, ga yawan ƙazanta, bazararmu na wahalshe shi. Ƙananan kifaye irin su gupi sun fi juriya.

Abin mamaki, wasu kifayen da ake saida ma masu sha'awa a shagunan Faransa da Jamus ƴan gidanmu ne. Gartsa, mai jiki kamar maciji da ƙayoyi jere a baya, tana iya tasowa ta shaƙi iska a sama, don haka ɗaukewar wuta ba ta saurin kada ta, sai dai tana haɗiye ƙananan kifi, tana kuma tsallake akwati marar murfi. Cikin dangin ƙurungu akwai mai iyo a rigingine, abin kallo ga yara da manya. Talibambam kyakkyawa ce amma mafaɗaciya, ita kaɗai ake ajewa. Tarwaɗa da giwar ruwa kuwa girma suke har su fi ƙarfin akwati, wurinsu tukunya. Wanda ya samo kifi daga hannun masuntan kogin Kwara ko na tabkin Madarunfa, ya ware shi a wani mazubi na ƴan makonni kafin ya haɗa shi da sauran, don gudun cuta. Kuma wanda ya gaji da baƙon kifi ko baƙuwar ciyawar ruwa, kada ya zuba su a kogi ko tabki. Ciyawar nan mai shuɗin fure da ta addabi masunta da masu jirage a Yamai asalinta Amurka ta Kudu, kuma da sunan ado ta bazu cikin duniya.

Tambaya ta ƙarshe ita ce mafi nauyi: wa zai kula? Ɗan kasuwa yana Kano yau, gobe yana Lome. Ma'aikaci ana iya ɗaga shi zuwa Difa ko Agadas da takarda guda. Kifi na bukatar wanda zai ba shi abinci kaɗan kullum, abin da zai cinye cikin minti biyu ko ukku, domin yawan abinci ya fi yunwa kashe shi. Yana bukatar mai duba ruwa, mai wanke matata, mai hana yara ƙwanƙwasa gilashi. Tunkiya in ta ji yunwa tana kuka har maƙwabta su ji. Kifi shiru yake har ya mutu, hakkinshi kuma na wuyan wanda ya tsare shi. In ba a samu mutum guda a gidan da zai ce wanga aiki nawa ne ba, to da muguwar rawa gara ƙin tashi: a kira mai zane ya ƙawata bangon, kowa ya huta.

Wanda kuwa ya zuba harsashi, ya bar ɗaki a baya, ya tanadi batir, ya samu mai kula, shi ne zai dawo daga kasuwa ko ofis da yamma, ya zauna da kofin shayi yana kallon gartsa na kewaya duwatsu, yara na gefenshi suna tambaya. Allah ya ba mu ikon riƙe amanar abin da munka ɗauka. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.